Notin Sama da Maganar da Baba Bai Ƙarasa Ba

Akwai wani malamin gona da kowa a danginsu ke kira Auta, duk da furfura ta fara leƙowa a gemunsa, babbar 'yarsa ma ta kusa gama sakandare. Auta ba mugun mutum ba ne, wannan ku riƙe shi tun yanzu. Gajiya ce kawai ta yi masa yawa.

Shekara biyu ke nan da mahaifinsa ya samu shanyewar ɓarin jiki, ya dawo gidan Auta da zama. Yayyen Auta uku duk suna nesa. Nasu kiran waya ne da shawara: a canza likita, a rage gishiri, a riƙa fitar da Baba shan iska. Shi kuwa nasa ɗagawa ne da kwantarwa, da wanka, da aski, da ba da magani safe da yamma, sannan ya fita ya sha rana a gonakin mutane.

Baba a zamaninsa makanike ne, shekara arba'in ya yi a ƙarƙashin motoci. Ciwon bai taɓa hankalinsa ba, harshensa ya riƙe. Kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita kafin ta fito. Da farko Auta yakan zauna ya jira. Daga baya ya koyi ƙarasa masa magana. Sannu a hankali har ta kai da zarar Baba ya buɗe baki, Auta zai ce, "To Baba, na ji," alhali bai ji komai ba.

Wata safiya, ranar da babu aiki, waya ta shigo daga 'yar gwaggonsa.

"Yaya, jikin Inna ya yi tsanani," in ji ta. "Tun jiya ba ta da magana sai ta ƙaninta. Ta ce a kawo mata shi ta gan shi."

Gwaggo ita ce yayar Baba, su biyu suka rage a ɗakinsu, kuma rabon da su ga juna tun kafin ciwon. Auta ya je ya faɗa masa. Hularsa kawai tsohon ya nuna da hannunsa mai lafiya, alamar a tafi.

Tafiyar awa shida ce. Awa biyun ƙarshe hanyar ƙasa ce da ruwan sama ya cinye, ƙaramar mota ba ta shiga, babbar ma ba ta shiga da duhu. Dole su bar gida kafin rana ta take. Auta yana da tsohuwar jif mai ja da taya huɗu, sai dai akwai matsala. A ƙarƙashinta, bayan babban giyabos, akwai wani ƙarami da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya. Tun da ya ratsa wani rafi a makon da ya wuce, ƙaramin giyabos ɗin yake wani ɗan kuka. Makanikensa ya ce ruwa ne ya shiga man, a canza shi. Auta ya sayi man ya ajiye, bai samu sukunin kai motar gareji ba.

Ya duba agogo, ƙarfe tara. Ya ce wa matarsa ta haɗa kayan Baba, aikin rabin awa ne, da kansa zai yi.

Ya zaunar da Baba a kujerarsa a inuwar baranda, kamar kullum, taku kaɗan daga motar. Ya buɗe wani bidiyo a waya na yadda ake aikin, yana kallo yana tsallakewa, don mai bayanin ya cika surutu. Ya shimfiɗa kwali, ya ja tsohuwar roba da sifana, ya shige ƙarƙashi.

Noti biyu ne a jikin giyabos ɗin. Na ƙasa, ta nan ake zubar da tsohon mai. Na sama a gefe, ta nan ake ɗura sabo. Auta ya ɗora sifana a kan na ƙasa.

Sai ya ji sandar Baba tana dukan siminti.

"Au... Auta. Ka..."

"Baba, yanzun nan zan gama, ka ɗan yi haƙuri."

Sandar ta sake bugawa, wannan karon da ƙarfi. Auta ya leƙo. Tsohon ya karkato gaba har yana neman zamowa daga kujera, bakinsa yana rawa, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Kada... ka..."

"Baba, na sani! Na ce na sani! Lokaci nake kallo, don Allah ka bar ni in yi abin nan mu kama hanya."

Baba ya dube shi na ɗan lokaci. Sannan ya jingina da kujera, ya ɗora sandar a cinyarsa, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Notin ƙasa bai ba da wahala ba. Man ya zubo cikin roba, launinsa kamar shayi da madara saboda ruwan da ya sha. Auta ya jira ya tsane, ya mayar da notin ya ɗaure, har yana jin daɗin kansa. Ƙarfe tara da minti ashirin. Ya mayar da sifana kan na sama ya ja.

Ko gezau.

Ya gyara kwanciya ya sake ja. Ya tokare ƙafa da taya ya ja har idonsa ya yi ja. Tsatsa da laka na shekaru sun riƙe notin gam. Ya fito ya samo guntun bututun ƙarfe, ya zura wa sifanar don ya ƙara mata tsawo, ya danna da dukan ƙarfinsa. Sifanar ta suɓuce, bayan hannunsa ya daki ƙarfe, fata ta saɓule. Da ya haska wurin da fitilar waya, sai ya ga kusurwoyin notin sun cinye, kansa ya zama kamar kan maɓalli. Babu abin da sifana za ta kama kuma.

Nan fa zufa ta karyo masa. Tsohon mai yana cikin roba, sabo yana cikin galan, giyabos kuwa babu ko ɗigo. Motar da ɗazu za ta iya tafiya ko da kuka, yanzu in ta yi nisan kilomita biyar haƙoran ciki za su cinye juna.

Matarsa ta fito da jakar Baba a hannu, ta tarar da ƙafafunsa kawai a waje.

"Baban yara, an gama?"

Ya yi mata bayani a taƙaice.

"To ka mayar da shi ta inda ya fito mana."

"Ta ƙasa? In ɗaga motar in kifa ta ke nan?"

"Allah ya ba ka haƙuri, tambaya na yi," in ji ta. Ta ajiye jakar ta koma ciki.

Ya kira makanikensa. Mutumin ya yi tafiya, sai gobe da yamma. Ya kira wasu biyu, ɗaya waya a kashe, ɗayan ya ce yana zuwa, irin zuwan da har yau bai iso ba. Ya sake kiran na farkon, ko zai faɗa masa dabara ta waya.

"Tsaya tukuna," in ji makaniken. "Ba ka fara kwance na sama ba?"

"A'a."

"Haba, ranka ya daɗe! Ai ba a taɓa na ƙasa sai an tabbatar na sama zai buɗe. Wannan shi ne abu na farko da Oga, mahaifinka, ya koya mana a garejinsa, har ranƙwashi na sha a kansa. Ina Ogan yake? Ba ya gida ne?"

Auta ya juya ya kalli baranda.

"Yana nan zaune," ya ce, ya kashe wayar.

Ya daɗe a tsaye yana goge hannu da tsumma, kunya ta hana shi ɗaga kai. Daga baya ya je ya durƙusa a gaban kujerar.

"Baba, me za ka ce min ɗazu?"

Tsohon ya fara. Auta ya ji bakinsa yana ƙaiƙayin ya taya shi, ya danne. Ya jira kalma ta farko, ya jira ta biyu.

"Na sama... ake... fara... kwancewa. In ya ƙi... ka bar... tsohon man. Mu tafi... a hankali."

Duka-duka maganar ba ta kai minti ɗaya ba.

Daga nan aiki ya koma hannun Baba, duk da hannun ba ya motsi. Ya sa Auta ya kankare lakar da burushin ƙarfe. Ya sa shi ya jiƙa notin da man narkar da tsatsa, ya riƙa ƙwanƙwasa gefensa da ƙaramar guduma, ba da ƙarfi ba. Kowane umarni sai an jira shi. Duk sanda Auta ya ɗauko filaya zai gwada ƙarfi, sandar sai ta bugi siminti.

"Bari... ya sha. In ka... fasa... gidan... notin... shi ke nan."

Rana ta take, ta karkata. Auta ya bi maƙwabta da abokan aiki neman aron mota, duk ƙanana ne, mai babbar ɗaya kuma ya tafi da ita. Jakar Baba tana nan a bakin ƙofa inda aka ajiye ta, hularsa tana kansa tun safe.

Wajen la'asar 'yar gwaggo ta sake kira, ta kara wa mahaifiyarta wayar. Muryar ta fito siririya.

"Ƙanina, kun taso? Ina ta jiranka."

Auta ya riƙe wa Baba wayar a kunne. Tsohon ya buɗe baki, ya yi ta fama, hawaye ya taru a idonsa. Kafin kalmar ta fito, 'yar ta karɓa ta ce barci ya ɗauke Inna. Auta ya ce mata gobe da sassafe, in Allah ya yarda.

Baba ya sa aka ƙara jiƙa notin, ya ce a bar shi ya kwana.

Gari na wayewa ya sa aka jawo tsohon akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado. Ya yi ta nuni da sanda har Auta ya zaro wani soket, irin sifanar nan mai kamar kofi, wanda ya ɗan fi kan notin ƙanƙanta. Ya ce a buga shi da guduma har ya cije. Sannan a ja a hankali, ba fizga ba, a riƙe, a ƙara.

Auta ya ja, ya riƙe, ya ƙara. Sai ya ji ƙas! Notin ya juya.

Ya zura tiyo ya ɗura sabon mai har ya fara tsiyayowa ta bakin ramin, alamar ya cika. Ya ɗaure. Wannan ɓangaren duka minti goma ya ɗauka. Ƙarfe takwas suna kan hanya, kuma motar ba ta ƙara yin kuka ba, ta ratsa laka da ramuka lafiya lau.

Sun isa bayan azahar. 'Yar gwaggo ta tare su a ƙofa, idonta a kumbure.

"Tana nan da rai, Kawu," ta ce wa Baba. "Amma tun asuba ta daina magana. Jiya har yamma tana tambaya ko an ji ƙarar mota."

Auta ya ɗauki mahaifinsa ya shigar da shi, ya zaunar da shi a gefen gadon. Baba ya kama hannun yayarsa, ya yi ta yi mata magana da irin nasa jinkirin, ya fi awa guda. Babu wanda ya katse shi. 'Yar ta ce ta ga yatsun Inna sun motsa. Auta bai gani ba, yana tsaye a bakin ƙofa kansa a ƙasa. Bayan kwana biyu Gwaggo ta cika, ba ta ƙara cewa uffan ba.

A hanyar dawowa, bayan sun fita daga hanyar ƙasa sun hau kwalta, Baba ya taɓa hannun Auta. Auta ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ya san abin da ke tafe, kwana huɗu yana jiransa.

"Auta... kai..."

Amsar tana bakinsa: na sani Baba, ni na jawo, ni na hana ka jin muryarta. Saura kaɗan ya faɗa. Ya cije leɓe ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya jira. Motoci suna wucewa, tsohon yana kokawa da harshensa.

"Kai... ka gaji. Shekara biyu... kai kaɗai. Ina... gani. Allah... ya yi maka... albarka."

Auta ya kifa kansa a kan sitiyari, ya yi kukan da bai yi ba ko a wurin jana'iza. Baba ya ɗora masa hannu a ƙeya, ya bar shi a nan har ya gama.

Darasi: Jinkirin harshen tsoho ba ya nufin kansa ya zama fanko. Minti ɗayan da ka hana iyayenka su ƙarasa magana zai iya cin maka abin da ba ya dawowa, kuma sau da yawa abin da kake zaton za su faɗa ba shi ne a bakinsu ba. Ka ji magana har ƙarshenta kafin ka ce ka sani. Masu jinyar iyaye, Allah ya saka muku, mun san kun gaji. Ku kuma 'yan'uwa na nesa, ku zo ku karɓe su ko na mako guda ne, don gajiya ce ke cinye haƙurin mutumin kirki. In ka san wani da ke ɗauke da irin wannan nauyi, ko wanda ya bar wa ɗan'uwansa shi, tura masa wannan labari ya karanta.