Zabuwa Mai Sammako da 'Ya'yanta Goma Sha Biyu

Dalilin da ya sa kuke ganin kaza tana jan 'yan zabi a bayanta, alhali ga uwarsu can bisa katanga tana ta surutu, wata tafiya ce da aka yi tun zamanin da. Ku gyara zama ku sha labari.

A wancan lokaci kowace tsuntsuwa ita ke renon abin da ta ƙyanƙyashe. Kaza da Zabuwa maƙwabta ne, akurkinsu na jingine da juna. Kaza ce babba, don haka Zabuwa na kiranta Yaya. Ita Kaza ba ta taɓa wuce bayan gari ba. Zabuwa kuwa gwanar tafiya ce, babu lungun dajin da ƙafarta ba ta taka ba.

Wata damina Allah ya ba Kaza 'ya'ya bakwai, ya ba Zabuwa goma sha biyu. Kullum da yamma sai Zabuwa ta tara yaran tana ba su labarin Tafkin Bado, inda ruwa ya shimfiɗu ido ba ya ganin ƙarshensa, fara kuma tana faɗowa baki ko ba ka nema ba. Yara suka tasa iyayensu gaba, su dai sai an kai su.

Kaza ta ce, "Tafkin nan da nisa?"

Zabuwa ta ce, "Haba Yaya, nan da nan ne. In na fita da asuba, kafin hantsi na sha ruwansa."

Kaza ta dubi dogayen ƙafafun Zabuwa, ta dubi na yaran, ta ce, "To, bari dai in ƙulla guzurin kwana uku."

Suka kama hanya ranar wata Laraba. Ba su wuce gonakin bayan gari ba ɗan Kaza mai suna Tukku ya ce, "Inna, mun iso?" Aka ce masa da saura. Aka ɗan taɓa tafiya, wani ya ce ƙishirwa yake ji. Aka tsaya. Wata ta taka ƙaya, aka tsaya. Autar Zabuwa, wadda ake kira Firit saboda ƙanƙantarta, ta ga tururuwa sun yi layi, ta ce ita sai ta ga inda za su. Duk tsayawar da aka yi sai Kaza ta ƙirga yaran ɗaya bayan ɗaya, nata da na maƙwabciyarta.

Zabuwa ta ce, "Yaya, wannan ƙirge-ƙirge kamar mai sayar da goro! Ni in dai ina jin hayaniya, na san 'ya'yana na nan."

Kaza ta ce, "Kowa da irin kiwon da ya karɓe shi."

La'asar na yi suka ya da zango a gindin wani kalgo. Kaza ta tone ƙasa ta yi gurbi mai ɗumi, ta barbaza gero, yara suka ci suka yi ƙat. Suka yi 'yar ɓuya a cikin ganye, suka kori malam-buɗe-littafi, Tukku ya kamo fara wadda ta kusa girmansa, ita ta ja shi ba shi ya ja ta ba, kowa na dariya. Da rana ta faɗi Zabuwa ta tashi fir ta hau reshe, don ita ba ta iya kwana a ƙasa ba. Yara goma sha tara suka cusa kansu a ƙarƙashin Kaza, wani kai a waje, wani wutsiya a waje.

Gari bai gama wayewa ba Zabuwa ta diro. "A tashi, a tashi! Matafiyi da sammako aka san shi. Duk fataken da na sani kafin rana ta fito sun ci rabin hanya."

Kaza ta ce, "Fatake ba su da tsako ɗan kwana goma. Dubi ciyawa, raɓa ce sharkaf. Mu bari rana ta shanye ta."

"Raɓa? Raɓa ce za ta hana jinina tafiya? Ke dai faɗi gaskiya, Yaya, barci ne bai ishe ki ba."

"Ki faɗi abin da kika ga dama. Ni dai ba na sa yaro cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa."

Zabuwa ta yi tsaki, ta kira nata goma sha biyu, ta ce za ta yanke ta cikin gamba, hanyar da ta fi kusa. Gamba kuwa a lokacin ta fi tsawon mutum. Ta kutsa kai, yara suka bi ta.

To, kun san halin Zabuwa, ba ta tafiya bakinta a rufe. Tana tafe tana ba da labari: ga inda ta taɓa tsere wa dila, ga inda ta yi gardama da fakara. Ƙafa na sauri, baki na sauri. Ita dai tana jin hayaniya, hankalinta kwance. Ba ta san muryarta ce kaɗai take ji ba.

Kafin hantsi sai ga ta a bakin tafki. Ta buɗe fukafukai ta ce, "To yara, ga Tafkin Bado! Na yi muku ƙarya?"

Wani kwaɗo da ke zaune kan ganyen bado ya ce, "Baiwar Allah, da wa kike magana?"

Ta waiwaya. Ko tsako ɗaya babu. Ta juya a guje.

Ita kuwa Kaza sai da rana ta ɗaga ta tashi da nata bakwai, ta bi sawun maƙwabciyarta. Ba ta yi nisa ba ta tarar da ɗan zabo ɗaya a takure, ya jiƙe jagab, yana kakkarwa. Ta zauna a kansa har ya bushe. Ta ƙara gaba, ga biyu a gindin wata ciyawa. Ta sake zama. Haka ta yi ta yi, tsinta, zama, tashi, har ta tara goma sha ɗaya. Tana cikin ƙirga su karo na uku sai ga Zabuwa ta faso gamba tana haki.

"Yaya! 'Ya'yana! Na shiga uku, Yaya, 'ya'yana!"

"Ga goma sha ɗaya nan. Firit ce babu."

Tukku ya ɗaga kai ya ce, "Inna, mene ne wancan yake kewaye a sama?"

Shirwa ce. Ta kafe wuri ɗaya tana zagayawa, alamar ta hango wani abu a ƙasa. Zabuwa ta ɓarke da kuka tana kiran Firit, tana gudu gabas tana dawowa yamma.

Kaza ta daka mata tsawa. "Ke! Rufe bakin nan ko sau ɗaya a rayuwarki. Yarinyar na can tana kira, ke kin hana mu ji."

Zabuwa ta yi tsit. Tun da aka ƙyanƙyashe ta ba ta taɓa yin shiru irin wannan ba. Yara ma suka yi shiru. Can sai suka ji wata 'yar murya siririya, tsiyo, tsiyo, daga wajen wata fadama. Ashe Firit ta faɗa cikin sawun saniya ne, rami mai laka, ta kasa fitowa.

Daidai nan shirwa ta naɗe fukafukai ta sulalo. A nan ne dogayen ƙafafun Zabuwa suka yi rana. Ta zabura kamar kibiya, ta riga shirwa isa bakin ramin, ta baje fukafukai, ta saki wata irin ƙara da ta sa tsuntsayen fadamar duka suka tashi. Shirwa ta firgita ta yi sama, ba ta ko waiwayo ba. Zabuwa ta sa baki ta ciro 'yarta, duk laka, sai idanu. Ta rasa yadda za ta yi da ita, don ba ta iya zaman ɗumama yaro ba. Ta kawo ta gaban Kaza ta ajiye. Kaza ta ɗaga fiffike ta rufe ta.

Bayan wani lokaci sai ga ɗan kai ya leƙo daga cikin gashin Kaza. Firit ta ce, "Gwaggo, mun iso?"

Kowa ya fashe da dariya, har Zabuwa da ke share hawaye.

Sai washegari suka isa tafki, a tafiyar Kaza. Suka kwana biyu a can. Yara suka ci fara har cikinsu ya yi tulu, suka ga fuskokinsu a cikin ruwa, Tukku ya nemi faɗa da nasa hoton. Ranar komawa Kaza ta yi kiranta, ƙut-ƙut-ƙut, sai duk goma sha taran suka jeru a bayanta. Zabuwa ta tsaya ita kaɗai. Abin ya sosa mata rai.

Ta ce, "Wato ko ɗaya babu mai bi na?"

Firit ta ce, "Inna, ke ba kya waiwaye."

Zabuwa ta juya wajen Kaza. Sannan ta ce, "Yaya, gaskiya ɗaya ce. Ƙafata ba ta san sannu ba, ko na ce zan koya ƙarya nake. Ki riƙe mini su har ƙafarsu ta yi ƙwari. Ni kuma zan hau sama in yi muku gadi. Duk shirwar da ta leƙo, da naki da nawa, sai garin nan kaf ya ji."

Kaza ta ce, "Na yarda. Amma in sun girma ki zo ki kwashe abinki, don in suka gado bakinki ba zan iya ba."

Suka shirya a kan haka, suka dawo gida lafiya, Kaza a gaba tana tsayawa tana ƙirga, Zabuwa tana bin su daga reshe zuwa reshe.

Shi ya sa har wa yau in zabuwa ta yi ƙwai, ake kwashewa a sa wa kaza ta kwanta a kai, ta ƙyanƙyashe, ta rena. In sun yi wayo su koma cikin danginsu. Uwar kuwa tana can bisa katanga, idonta na sama, ko inuwar shirwa ta gani sai ta tashi unguwa da ihu.