Amin ɗin Tunkiya

Ko tukunya ba ku wanke ba, har kuna da bakin neman tatsuniya? To, ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mana! Yauwa, ta zo ku ji ta.

Ikilisiyar dabbobi, wato jama'ar cocinsu, ta tashi zaɓen shugaba. Jaki ne mai ɗauko marasa lafiya a bayansa, amma Tunkiya ta ce, "Haba 'yan'uwa, wannan ko wa'azi bai iya ba. A ba Kura, ita ce mai murya."

Aka ba Kura. Ran Lahadi ta ce, "Yara su zauna kusa da ni. Kowa ya rufe ido mu yi addu'a, mai buɗewa ba shi da bangaskiya."

Can Jaki ya raɗa wa Tunkiya, "'Yar'uwa, kamar kukan ɗanki nake ji."

Ta ce, "Rufe mana baki, hassada ke cin ka."

Kura ta ce, "Ban ji Amin ba!"

Tunkiya ta dinga ƙwala Amin har muryarta ta dushe. Da ta buɗe ido, ba komai a wurin zaman ɗanta sai jini da kofato ɗaya.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya tsinke. Kukan me kuke yi? Ku tashi ku kwanta!