Malfar da Ta Sha Ruwa

A zamanin da daji ya fi gari yawa, tun ba a share hanyar fatake ta kudu ba, an yi wani maharbi mai suna Nomau. Kirarinsa shi ne: "Nomau na Kandala, ƙaya ba ta hana ka hanya, mai kwana inda kura ta ƙi kwana." Kandala matarsa ce, kuma babu wanda ya kai ta iya saƙar kaba. Ita ta saƙa masa malfar da aka san shi da ita, mai faɗin baki, ta lulluɓe ƙoƙonta da jar fata.

Da aka yi fari na shekara uku a jere, rijiyoyin garinsu suka ƙafe. Nomau ya ja gida bakwai suka nufi kudu neman ruwa. A rana ta goma sha ɗaya suka yada zango a gindin wata kuka, ruwan da ya rage a salkuna ba zai wuce kwana uku ba. Nomau ya ce su jira shi, ya shiga gaba da karensa Duna.

A wancan zamani maharba suna da doka. Idan malfar maharbi ta dawo ba kai a cikinta, to mai ita ya mutu, kuma ba a bin sawunsa, don abin da ya ci maharbi ba zai ƙyale manomi ba.

Washegari da azahar sai ga Duna yana haki, malfar tana ɗaure a wuyansa. Zango ya ruɗe da kuka. Barmo, wanda shi ne dattijon ayarin, ya ce magana ta ƙare, a ɗaura kaya a koma wani kududdufi da suka baro tafiyar kwana huɗu a baya. Kowa ya san laka ce kawai a kududdufin nan, kuma yara ba za su kai ba. Amma tsoro ya hana kowa faɗa.

Kandala ta kwance malfar. Ta matsa bakin malfar. Busasshiyar kaba tana ƙara idan an matsa ta, wannan kuwa ta yi laushi kamar wadda aka jiƙa za a saƙa. Ta gaya wa Barmo, ya ce yawun kare ne, kuma baƙin ciki yakan sa mace ta ga abin da babu. Ta zaro basilla ta warware ɗinkin fatar, sai ga baƙar laka ɗanya a ƙarƙashi, da ɗan ganyen bado.

Ta ce, "Baba Barmo, gawa ba ta ɗaura ƙulli. Malfar nan ta sha ruwa, rana ce ta busar da wajenta."

Barmo ya ce shi ba zai karya dokar kakanni saboda ganye ɗaya ba. Gida biyu suka bi shi, kuma ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Sauran biyar suka bi Kandala, ita kuma ta bi kare.

Tafiyar nan ba a ba da labarinta da dariya. Da hantsin washegari aka ba yara ruwan ƙarshe. Sau biyu Duna yana tsayawa yana kewaya wuri ɗaya, Kandala kuwa ta san idan ta yi kuskure, ita ta jawo mutane ga ajalinsu. Mata suka daina kallonta. Sai da la'asar suka hango tsuntsaye suna shawagi bisa wani dutse.

A gindin dutsen ruwa yake ɓulɓulowa. Ga mushen wata farar ɓauna da kibiya a wuyanta, ga Nomau a yashe a fili, cinyarsa a karye, kansa ba ko inuwar ganye. Yana da rai, amma ba ya gani. Wasu sun ce rana ce ta ci idanunsa, wasu sun ce ɓaunar ita ce mai ruwan, idanun ta karɓa diyya. Kandala ta durƙusa tana kuka, ta tambaye shi ko ya manta dokar malfa ne.

Ya ce, "Ban manta ba. Na san abin da za su ce. Ke na aika wa, ba su ba."

Nan suka kafa gari, suka sa masa suna Jiƙamalfa. Nomau ya shekara ashirin a cikinsa bai taɓa ganin ko rufin ɗaki ɗaya ba. Daga baya huluna iri-iri sun shigo garin: jar dara da fataken hamada suka kawo, da haɓar kada, da zanna, har da hana-sallar da samarin yanzu ke juya bakinta baya kamar masu gudun bashin gaisuwa. Amma har yau ba mai sa sabuwar hula a Jiƙamalfa sai ya tsoma bakinta a ruwan dutsen. Kuma idan hular mutum ta dawo gida ba shi, ba a buɗe baki da kuka sai an miƙa wa matarsa ta duba.