Dalilin da Ya Sa 'Yan Carbi Suka Daina Tsoron Magani

Dalilin da ya sa maganin ciwon ƙirji ba ya ci yanzu kamar da kuke tambaya, to ku gyara zama. Shekara takwas ba na garin nan. Na dawo na tarar an sare ɗorawar bakin kasuwa, an rufe rijiyarmu da siminti, abokaina sun watse, wanda ya rage ma sai da na tuna masa sunana. Kemis uku a layi ɗaya, ga shi kowa na tari. A Legas na yi shara a ɗakin gwajin jini, wani ma'aikaci ya bar ni na leƙa madubinsu mai ƙara girman ƙananan abubuwa, na ga masu kawo ciwon da idona. Ƙananan ƙwayoyin cuta ne a jere kamar carbi, shi ya sa nake ce musu 'Yan Carbi.

A da can matsorata ne. Suna zaune a hanci da maƙogwaro, kowace ta kewaye kanta da 'yar katanga, ta riƙe hannun 'yar'uwarta. In suka gangara ƙirji suka ta da zazzaɓi, magani na shigowa zai rushe katangun, kafin mako babu saura.

A lokacin akwai wata tsohuwa, Barmani mai daddawa. 'Ya'yanta duk sun tafi birni. Takan wuni ba ta yi magana da kowa ba sai akuyarta. Da ciwon ƙirji ya kama ta, ta lallaɓa asibiti, malamin asibiti ya ƙirga mata ƙwayoyi a tafin hannu.

"Iya, ashirin da ɗaya ne. Uku kullum, kwana bakwai. Ko kin ji garau kada ki tsaya."

"To ɗan nan, Allah ya yi albarka."

Kwana uku zazzaɓi ya sauka. Labari ya zaga cewa Barmani ta samo magani kamar yankan wuƙa, sai ga mata 'yan dubiya. Rabon ɗakinta da cika haka tun aurar da autarta. Ta shimfiɗa tabarma biyu, ta dama fura.

Uwale maƙwabciyarta ta ce, "Iya, har kin fi ni kuzari. Mu kam maigidan tarin nan ya hana shi gona."

"Ai ba ya rasa ba ina da shi," in ji Barmani. Ta kwance haɓar zane ta ba ta biyu.

Kun san garinmu, ba a riƙe abu a gaban mai buƙata a ce babu. Wannan ta ce jikanta, waccan ta ce kunnenta. Bibbiyu, bibbiyu, har ƙullin ya ƙare. Da za su tafi ta raka su har zaure tana cewa, "Gobe ma ku leƙo, don Allah."

A cikin ƙirjinta kuwa magani ya kashe 'Yan Carbi kaf, sai ɗaya da katangarta ta tsage ba ta faɗi ba. Ta miƙa hannun dama babu kowa, ta miƙa na hagu babu kowa. Ta zauna tana jiran maganin kwana na huɗu ya zo ya ƙarasa ta. Bai zo ba. Tari ya hauro da ita maƙogwaro, ta yi ta yawo tana kiran sunayen 'yan'uwanta.

Can ta iske wata dangi na nesa, tsohuwar ƙwaya da ta daɗe a bakin Barmani ba ta taɓa cutar kowa ba.

"Ke 'yar wa ce kike kuka kamar an aiko ki?"

"Gwaggo, an kashe mu duka. Ke ya aka yi magani bai taɓa ki ba?"

"Laya gare ni a ciki, gadon kakanni. An rubuta yadda ake gina katangar da magani ba ya samun wurin kamawa."

"Ki ara mini."

"Ba a ciro ta da rai. Amma ni ma ba ni da kowa. Ki zauna da ni har in mutu, in na fashe ki ɗauka."

Suka shirya a kan haka. 'Yar Carbi ta zauna tana taya ta hira har ranar da tsohuwar ta fashe. Ta tsinci layar ta ɗinke a cikin jikinta, ta gina sabuwar katanga. Sannan ta rabe biyu, don haka suke haihuwa, biyun suka zama huɗu, kowace da irin layar a cikinta. Carbi ya sake haɗuwa, suka gangara ƙirji.

Barmani ta koma asibiti, numfashi da ƙyar.

"Iya, kin shanye na farkon?"

"An shanye, ɗan nan. Mun shanye."

Malamin asibiti ya ba ta wani irinsa. Wannan karon ta sha duka, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Magani ya zagaya katangun bai sami wurin kamawa ba. 'Yan dubiya kuwa ba su dawo ba, kowace tana jinya a gidanta, don ƙwaya biyu ba ta warkar da kowa. Kullum Barmani takan ja jiki ta shimfiɗa tabarmin nan biyu. A kan ɗaya aka same ta, ɗayar ba wanda ya zauna.

Matan da suka yi wa gawarta wanka da sutura sun tafi da jikokin 'Yar Carbi a hancinsu ba su sani ba. Shi ya sa har yau sai ka sha maganin da ya warkar da kakanka, ciwon ya ƙi motsi, kuma duk wanda ya sha rabi ya rabar da rabi ya bar wata 'Yar Carbi ita kaɗai tana neman laya.

Kai Ɗantani, miƙo mini igiyar can in ɗaure jaka, motar ƙarfe biyu zan bi. Ke kuma Ladingo, saura kwana huɗu a maganinki. Ba zan ga ƙarshensa ba, ki shanye abinki.