Gangar Zago a Surin Gara

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta!

Surin gara yana da ƙofar shan iska. Zafin hayaƙin masu gawayi ya tsaga ta, sai Zago mai gadi, sarkin gaggawa, ya buga gangar gyara. Magina suka liƙe tsagar da laka. Kullum hayaƙi, kullum ganga.

Wata rana tsohuwa Hawainiya ta ce, "Zago, ajiye gangar nan. Tsagar ta toshe tuni, ƙullutu suke ginawa."

"Haba Iya, in yi shiru gida ya rushe?"

"To saurara, numfashi yana gagarar 'ya'yanku."

Ya saki ganga. Amma magina sun riga sun saba. Suka ci gaba da zuba laka har ƙofar ta rufe ruf.

Ƙurunƙus, na ɗora ta kan ɓera.