Katako Mai Gara a Ƙarƙashin Fenti

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum kafinta, mai hannu ƙwarai. In ya kafa ƙofa sai ka rantse tare da bangon aka halicce ta. A hannun wani tsoho ya koyi sana'ar, ya daɗe yana yi masa aiki. Burinsa ya tsaya da ƙafafunsa: ya mallaki injin yankan katako, ya gina shaguna ya ba da haya, yadda ko ranar da bayansa ya ƙi sunkuyawa, tukunyar gidansa ba za ta huce ba.

Wannan laifi ne? Wallahi ba laifi ba ne.

Da ya buɗe rumfarsa, sai ya jingina dogon falanki a kusurwa. Duk watan da ajiyarsa ta ƙaru, ya sa zarto ya yi masa tsaga sama da ta baya. Ranar da tsaga ta kai ƙarshen falankin, buri ya cika. Matarsa takan tsokane shi: "Maigida, ni da falankin nan wa ka fi kallo?" Ya ce, "Ai shi ba ya tambayata kuɗin cefane." Su yi dariya.

Tsaga ta kai gwiwa, ta kai ƙugu. Daga nan tafiya ta yi nauyi, ga haihuwa, ga jinyar mahaifiyarsa. Sai Shaiɗan ya ga ƙofa.

Wani dillali ya kawo masa katako a rabin farashi. Gara ta cinye cikinsa ta bar fata. Kafintan ya ƙwanƙwasa, ya ji fanko ne, amma ya saya. Ya toshe ramukan da gam da garin katako, ya shafe da fenti. Tsaga ta haura ƙirji da gudu. Matarsa ta ce, "Maigida, kuɗin nan sun fi aikinka sauri." Ya ce mata ta bar abin da ba ta sani ba.

Wata mata da mijinta ya rasu ta ba shi aikin rufin ɗakinta, ya rufa da wannan katakon. Damina ta sauka. Wata la'asar iska ta taso da ruwa, rufin ya rufta, ya karya ƙafar 'yarta da ke zaune tana karatu. Maƙwabta suka ɗaga katakon, ya rududduge a hannunsu kamar gari.

Fenti yana rufe wa mutane ido, amma wa zai rufe wa Allah?

Magana ta kai gaban alƙali. Masu gadaje da ƙofofi suka yi ta dawo da kayansu. Injin da ya riga ya saya ya tafi, ajiya ta tafi, rumfa ta koma hannun wani.

Duk wannan bai karya shi ba kamar ranar da ya je asibiti. Yarinyar ta ɗago kai ta ce, "Sannu da zuwa, Baba." Ya durƙusa yana kuka. Uwar ta ce, "Na yafe don Allah. Amma ka je ka sauke duk rufin da ka yi da katakon nan kafin ya kashe wani."

Ya bi gida gida yana faɗin laifinsa da bakinsa. Wasu suka zage shi, wasu suka riƙe masa tsani. Da ya gama, ya nufi tsohon ubangidansa kansa a ƙasa. Tsohon ya ce, "Ga benci, ga zarto, ɗana. Hannunka lafiya lau yake. Zuciya ce ta yi gara, ita kuwa tana gyaruwa."

Yau mutumin ya sake buɗe 'yar rumfa. Kafin ya karɓi sisinka, sai ya miƙa maka guduma ya ce ka ƙwanƙwasa katakon da kanka. Ajiyarsa tana tafiya a hankali, amma yana barci. Yarinyar kuwa ta warke, kuma teburin karatunta aikinsa ne.

Ya 'yan uwa, ku auna nemanku, ku san inda kuka kai, wannan hankali ne. Amma duk sanda kuka tambayi kanku "nawa na tara?", ku bi da "ta ina ya shigo?" Wanda ya faɗi kuma kada ya yanke ƙauna, ƙofar tuba ba ta da kwaɗo.

Allah ya wadata mu da halal, ya raba mu da algus. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye waɗanda ke kwana ƙarƙashin aikin hannunmu.