Facin Minti Ashirin

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan Anka, ba da daɗewa ba. Ba zan kama sunansa ba, don yana da rai, kuma shi da bakinsa ya roƙe ni in ba da labarin in ɓoye sunan. Ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne, a sahun gaba yake salla. Da zan nuna muku shi yau, da yawanku cewa za ku yi, "Haba Malam, wannan bawan Allah?"

Kun san abin da gubar dalma ta yi wa yaranmu tun lokacin da aka riƙa niƙa dutsen zinari a tsakar gida. To, akwai wata 'yar cibiya ta masu taimako da ke gwada jinin yara tana ba su magani. Ofishinta yana Anka, tana da reshe a Gummi da Bukkuyum. Aikin mutumin nan shi ne kula da babbar kwamfutar cibiyar, wadda ma'aikata ke kira saba. Ku ɗauke ta kamar rumbu guda mai ƙofofi da yawa. Ma'aikacin da ke Bukkuyum zai zuba bayanin yaro daga can, likita ya buɗe ya gani a Anka. Sunan yaro, ƙauyensu, lambar wayar iyayensa, yawan dalmar da ke jininsa, duk a ciki suke.

Gaskiya ya iya aikinsa. Shi ya haɗa sola da batura, shi ya ba da shawarar a daina rajistar takarda tunda ga na'ura. A garin da wutar lantarki ke zuwa kamar baƙuwa, sabarsa ba ta taɓa mutuwa ba. Ashe na'urar tana ƙirga kwanakin da ta yi a kunne, in an kashe ta sai lissafin ya koma sifili. Nan shaiɗan ya samu wurin zama.

Kullum da safe sai ya duba lissafin, ya ɗauki alli ya rubuta a bangon ɗakin. Kwana ɗari uku. Kwana ɗari shida. Baƙo bai isa ya zo cibiyar ya fita ba a kai shi gaban bangon nan ba. A majalisar mai shayi ma zancen ke nan, har aka laƙaba masa suna Mai Dubu, don ya ce sai sabarsa ta cika kwana dubu ba a kashe ta ba. Yana jin daɗin sunan ƙwarai, in an kira shi har wani gyara hula yake yi.

Ana nan, a watan Maris na shekarar 2017, sai saƙo ya zo daga masu manhajar da sabar ke aiki da ita. Sun ce an gano ɓaraka a ƙofar da ake raba fayiloli ta cikinta, ɓarayin intanet za su iya shiga babu mabuɗi. Sun aiko da gyaran, kyauta. Masu wannan sana'a faci suke ce masa, kamar dai facin taya. Sharaɗi ɗaya ne, in an liƙa facin sai an kashe saba an sake kunna ta. Aikin bai wuce minti ashirin ba.

Ranar lissafin bango yana kwana ɗari tara da talatin.

Ya zauna ya zuba wa saƙon ido. Ya ce a ransa, saura kwana saba'in kawai. Wa ya san da Anka a duniya? Wane ɓarawo ne zai bar bankunan Turai ya zo neman sunayen yaran ƙauye? Ya rufe saƙon, ya ce in sha Allahu ranar da aka cika dubu da hantsi zai yi. Kun ji inda ya sa sunan Allah, ya 'yan uwa? Ya mayar da shi murfi ne ya rufe son zuciyarsa.

Abokin aikinsa Hayatu, mai kula da ƙaramar saba ta reshen Gummi, ya yi nasa facin tun a ranar. Bayan mako guda ya kira shi a waya ya ce, "Mai Dubu, ka yi facin ga kuwa? Ni nawa kahin shayi shi huce na ƙare." Mai Dubu ya yi dariya ya ce, "Kai dai cika tsoro gare ka."

Da shugabar cibiyar, Hajiya Amina, ta samu labarin saƙon, ta leƙo ɗakinsa da kanta ta tambaye shi ko an yi gyaran. Ya dubi idonta ya ce, "An yi, Hajiya." Ta ce madalla, ta juya. Ya gaya mini cewa bayan fitarta sai da ya ji kunyar bangon nan, amma washegari ya sake ɗaukar alli.

A farkon watan Mayu, ma'aikatan Bukkuyum suka ɗebi jinin yara arba'in da uku a wajen Zugu, cikin iyalan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu. A jikin kowace kwalba lamba kawai ake rubutawa. Sunan mai lambar yana cikin saba. Aka kawo kwalaben Anka, ma'aikaciyar gwaji Rashida ta fara aiki. Ranar wata Juma'a da safe ta zo kan kwalba mai lamba ashirin da shida, ta ga adadin da ya sa ta sake gwadawa har sau biyu. Mai wannan jinin yana bukatar magani a ranar, ba gobe ba. Ta ruga ta buɗe fayil don ta ga ko ɗan wane ne.

Fayil ya ƙi buɗewa. Ta gwada wani, shi ma haka. Sai jan rubutu ya cika fuskar kwamfutar da Turanci, wai an kulle komai, sai an biya fansa.

Babu wanda ya zauna ya zaɓi Anka. Wani mugun abu ne ɓarayin intanet suka saki, bi yake ƙofa ƙofa a duniya yana turawa, wadda ya samu ba a yi mata faci ba ya shige. Ya tura ta Gummi ya same ta gam. Ya tura ta Anka ta buɗe. Har kwafin da mutumin nan ke ajiyewa don ɓacin rana bai tsira ba, saboda a jikin sabar ya bar shi a haɗe. Saura kwana goma sha ɗaya a cika dubu.

Rashida ta same shi tsaye a ɗakin saba, gumi ya jiƙa masa riga. Ba ta yi masa faɗa ba. Cewa ta yi, "Don Allah suna guda nika so. Lamba ashirin da shidda. Ɗan wa na?"

Da Hayatu ya zo daga Gummi ya duba, cikin ɗan lokaci ya gane ba a taɓa yin facin ba. Hajiya Amina ta tambayi mutumin a gaban kowa, "Ba kai ka ce mini an yi ba?" A ranar aikinsa ya ƙare. Amma ya ce mini korar ba ta dame shi ba kamar lambar nan.

Iyalan Zugu kuwa sun riga sun watse. Wasu sun yi Gummi, wasu sun shiga gidajen dangi a ƙauyuka, lambobin wayarsu duk suna cikin abin da aka kulle. Sai dai a bi su ɗaya bayan ɗaya a sake ɗibar jini. Mutumin nan ya roƙi arziki a bar shi ya riƙa ɗaukar ma'aikata a babur ɗinsa, aka bar shi. Ga azumi ya kama, ga hanya ba tsaro, ga ruwa ya fara sauka. Sai da suka yi mako biyar suna yawo.

A wani ƙauye bayan Gummi suka samu mai lamba ashirin da shida. Sunanta Zinatu, shekararta huɗu, tana hannun kakarta Goggo Tabawa. Kwana tara kafin zuwansu jijjiga ta kama ta. Ta rayu, amma yarinyar da aka ce surutunta ya ishi gida ba ta ƙara cewa ko Inna ba.

Tsohuwar ba ta san komai game da saba ba. Ta ga dai mutum ya sha rana da azumi a bakinsa ya zo neman jikarta. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta riƙe hannun babur ɗinsa tana cewa, "Kai dai Allah shi yi ma albarka, ɗana. Mu da munka gudu, wa za shi tuna da mu? Allah shi ba ka ɗiya masu jin ƙanka kamar yadda ka ji ƙan wagga."

Da ya zo nan a labarin, kuka ya ci ƙarfinsa. Ya ce, "Malam, da ta zage ni da na samu sauƙi."

Ya 'yan uwa, lafiya da ciwo na Allah ne. Likita ma bai ce da an same ta da wuri lalle za ta warke ba. Amma mako biyar ɗin nan, wa za a tambaya? Kada wani ya ce shi bai san kwamfuta ba, wa'azin bai shafe shi ba. Direban da ya san birkinsa ya saki yana cewa sai bayan kasuwa, da mai rijiyar da ya ga murfi ya tsage ya kau da kai, duk layinsu ɗaya da shi. Amana ba ta tsaya ga abin da aka ba ka ajiya ka mayar ba. Gyaran da ka san ya wajaba, kai kaɗai ka sani, shi ma amana ne. Kuma ku lura da yadda zunubin ya taho: son a yaba masa ne ya jawo jinkiri, jinkiri ya jawo ƙarya, ƙaryar ta hana wani ya gyara a madadinsa.

Ya tuba, ina kyautata masa zato, kuma ƙofar Allah a buɗe take. Amma haƙƙin bawa sai bawa ya yafe. Sau uku yana komawa ƙauyen nan da niyyar gaya wa Goggo Tabawa gaskiya, sau uku tana tarbarsa da addu'a, ya juyo bai faɗa ba. Wadda ya kamata ya nemi gafararta kuwa, ko ta yafe ba ta da bakin faɗa.

Allah ya ba Zinatu lafiya. Allah ya ba bawan nan ƙarfin halin faɗin gaskiya tun yana da sauran numfashi. Mu kuma Allah ya kiyaye mu da cewa "an yi" a kan abin da ba mu yi ba. Amin.